Fulogi na Huɗu

Shekara goma sha tara tana ƙarƙashin tamfol
a bayan gidanmu na Alta Gracia,
gindin inabin da Mama ta dasa.
Ranar da na yaye mata rufa,
kaza ta fito ta tagar baya,
ta bar mini ƙwai uku a kan kujera,
ta tafi tana mita, kamar an tashi ɗan haya.

Torino ce mai ƙofa biyu.
Da can ja ce wur.
Yanzu tsatsa ta ci ta, cin gara,
ina taɓa gindin ƙofa, yatsana ya wuce.

Ni malamar lissafi ce, ba bakaniza ba.
Da rana alli, da dare giris.
Na shimfiɗa zanen teburin Kirsimeti,
na jera hanjinta a kai:
fistin shida, ringi, bawul,
kowane noti da kwalbarsa da sunansa,
don na san halin mantuwa,
a gidanmu take kwana.

Ga ta can zaune a kan kujerar roba,
sanye da rigar sanyin babana.
Eleuterio, wanda ya yi shekara ashirin da shida
yana ɗaure injin irin wannan a masana'anta,
yau da ƙoƙon mate a hannu ya huce,
yana ce mini, "Yarinya, 'yar wa ce ke?"

Albashin Yuli ya tafi a lagireto.
Na Agusta ya bi gaskit.
Kafireta uku suka zo daga Rosario
a cikin kwalin takalma, naɗe da tsohuwar jarida.
Braulio mai walda ya leƙo ta katanga,
ya ce, "Nélida, sayar da gawar nan a kilo."
Kashegari ya dawo da garwashinsa.
Bai karɓi ko sisi ba, sai ƙwan kazar.

Ban mayar da ita yadda take ba, na faɗa.
Na sauya birki, don ina son raina.
Na rage mata tsayi da yatsa biyu,
na buɗe maƙogwaron salansa,
na sa bel inda masu ƙira ba su sa ba.
Masu son asali za su ce na yi saɓo.
Su zo su biya kuɗin fenti.

Daren Asabar, wata na goma sha ɗaya,
hannu duk ƙuje, farce biyu sun tafi,
na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Na sake. Ta yi kaki, ta tofar da baƙin hayaƙi,
sai ta ɗauka,
kwanon rufi ya kama rawa,
karnukan unguwa suka amsa.
Na yi guɗa ni kaɗai.

Sai na ji hannu a kafaɗata.
Ya taso ba sanda.
Ya karkata kunne, ya lumshe ido,
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
"Ɗingishi take," in ji shi.
"Na huɗu ba ya cin wuta."

Na ce, Baba, sababbi ne duka shida.
Ya miƙo tafi, ba tare da ya dube ni ba,
irin miƙon da yake yi ina 'yar shekara takwas,
ina riƙe masa fitila.
Na sa masa sifana.

Na huɗun ne. Ya tsage, tsagar gashi.

Da muka sauya, muryarta ta daidaita,
shida suna magana da baki ɗaya.
Ya goge hannu a wandonsa na barci,
ya ce, "Wanda ya koya miki ya iya."

Na ce, ya iya.

Har yanzu ba mu yi fenti ba.
Gobe za mu hau tudu da ita haka nan,
da dabbare-dabbarenta.